Wasiƙar Baba da Na Ɗinke a Fata

Yanzu saƙo ba ya kwana a hanya. Jikana da ke aikin soja can gabas yakan danna wayarsa ya yi magana, kafin in gyara zama a kan tabarma muryarsa ta iske ni a ƙofar gida, har ina jiyo kukan tumakin garin da yake. Wata rana gaisuwa ce, wata rana tsokana, ya ce wai in sakar masa matarsa tunda na tsufa, ni kuma in ce masa ya fara aiko da cefane tukuna. In mun gama nakan zauna da wayar a hannu in tuna zamanin da saƙo yake da jiki, a ninke shi, a sa a aljihu, a haye ruwa da shi, zamanin da mutum ɗaya tak ya isa ya tsare magana tsakanin uba da ɗa. Ni na taɓa tsare ta. Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, wanda ya ga kuskuren rubutu ya yi mini afuwa. Kuskuren da zan faɗa ya fi wannan girma.

Ƙauyenmu yana cikin fadama ne, tafiyar rabin yini zuwa Haɗejiya in ruwa ya cika. A da ruwan ba ya zuwa a ɓoye. Kwana biyu kafin ya iso za ka ji kwaɗi sun canza murya, tururuwa na hawa bango da ƙwansu, tsofaffi su ce a kwashe awaki a kai tudu. Sai wata safiya ka fito ka tarar da shi a bayan gari, yana tafe a hankali da kumfa da karare a bakinsa. Daga nan duniya ta zama ta kwale-kwale da gora. Aikina bayan sallar asuba shi ne kwarfe ruwan da ya kwana a kwale-kwale da sakaina, sannan in bi ƙugiyoyin da aka kafa jiya in ciro tarwaɗa. Mata na can suna gyaran kifi, hayaƙin banda ya rufe unguwa, har rigunan sallarmu ƙamshinsa suke yi. In shinkafa ta fara nuna kuma sai korar tsuntsayen jan-baki, a hau rumfa tun fitowar rana ana jan igiya mai gwangwanaye, ana ihu har murya ta dushe. Da yamma tsuntsayen kirinjijiya su wuce ta samanmu suna fito, garke bayan garke, Babanmu ya ɗaga kai ya ce waɗannan sun fi mu sanin ranar da ruwa zai ja, mu riƙa kallonsu. Yau inda muke tura kwale-kwale ciyawar kacala ta cinye shi, ta fi mutum tsayi. Ruwan ma wata shekara ya ƙi zuwa, wata shekara ya zo da fushi ya rushe gidaje. An yi titi, babur na kai mutum Haɗejiya kafin shayi ya huce. Ba na cewa da ta fi yanzu. Da titin nan ya zo da wuri, da wataƙila ba ni da abin rubutawa.

Baba masunci ne, kuma ya yi karatun allo mai zurfi, rubutun ajaminsa tsaye ƙyam kamar shukar da aka yi da igiya. Ba ya magana biyu. Mu biyu ne maza a gidansa, Yaya Habu da ni. Habu shi ne hannun damansa, shi ke riƙe da bakin taru, shi ya san ramin kowane kifi a tafkunanmu. Da yaƙi ya ɓarke a kudu aka zo Haɗejiya ɗaukar sojoji. Habu ya tafi da kwandon banda zai sayar, ya dawo da kai a aske da takarda a hannu. Matarsa Dije na da ciki a lokacin. A ƙofar masallaci suka haɗu da Baba, bayan la'asar, jama'a cike.

"Wa ka tambaya?" in ji Baba.

"Baba, ai kowa tafiya yake yi."

"Kowa ne ya haife ka? Ka bar mace da ciki, ka bar ni da taru, ka je ka harbi ɗan wani da bai ci maka komai ba. Je ka. Na rantse da Wanda raina ke hannunsa, bakina ba zai ƙara kiran sunanka ba."

Liman ya kama hannun rigarsa yana cewa, "Malam, janye, janye." Baba ya ɗauki takalmansa ya wuce.

Wasiƙu suka fara zuwa. Wani akawu a bariki ke rubuta wa Habu da boko, su sauka a kantin mai sayen kifinmu a Haɗejiya, mai kwale-kwale ya kawo ranar kasuwa. Ni kaɗai ne mai karanta boko a unguwarmu, kuma abin ya hau mini kai ƙwarai. Sai in sa a shimfiɗa mini tabarma, in yi gyaran murya sau uku. Dije ce kaɗai ba ta ɗauke ni da muhimmanci ba.

"To, Malam Aji Huɗu, karanta, kar ka haɗiye rabi."

"Ya ce yana gaishe ki."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

"Ƙarya kake, mijin banza. Ƙara dubawa."

A wasiƙa ta biyu aka sako hoto. Ga shi tsaye cikin kaki, hula a karkace, ya riƙe bindiga yadda muke riƙe gwangwalar tura kwale-kwale. Dije ta daɗe tana kallo, ta ce, "Sun ramar mini da shi," ta kai hoton cikin kwallarta ta rufe. Duk lokacin da nake karatun nan Baba na bayan zana yana gyaran komar kamun kifi, ya juya mana baya. Amma na lura hannunsa kan tsaya cak daga gaisuwar farko har zuwa sallamar ƙarshe.

Wasiƙa ta uku ta zo kwana kaɗan bayan sunan jaririyar da Dije ta haifa, Hajara. Ba ta da tsawo. Habu ya ce a gaya wa Baba yana neman gafara, za a tura su inda ba kowa ke fitowa ba, kuma ba mutuwar yake tsoro ba, fushin Baba yake tsoro. Na karanta a tsakar gida. Baba ya tashi ya fita. Washegari bayan asuba ya kira ni zaure. Tawada da alƙalami na gefensa, ga takarda a ninke. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Sa ta a ambulan, ka rubuta lambarsa ta soja da irin rubutunku. Ka kai gidan waya yau. Kada kowa ya ji, har uwarka."

Na liƙe ambulan ban duba abin da ke ciki ba, na rubuta lamba, na cusa cikin hulata na shiga kwale-kwale muka kama hanya. Ruwa ya fara ja a lokacin. Ba mu yi nisa ba muka jiyo ganga. Ashe ranar sarkin ruwa ya buɗe babban tafkin da aka hana taɓawa tun damina, samarin ƙauyuka huɗu sun kifa ciki a kan gora, 'yan mata sun jeru a gaɓa suna guɗa. A cikinsu akwai wadda nake so ta gan ni. Na ce wa mai kwale-kwale ya sauke ni, zan bi na baya. Na ari gora da koma na faɗa ruwa, da niyyar kamu ɗaya in fito. Ban fito ba sai da rana ta karkata. Hulata ta faɗa ruwa sau ɗaya, na cafe ta da sauri, amma gefen ambulan ya jiƙe, lambar da na rubuta ta narke. Gidan waya kuwa ya tashi tuni. Yarinyar ma, don a ji abin dariya, ko kallona ba ta yi ba. Na koma gida da kifin ragon ruwa a kafaɗa, Baba na zaune a zaure.

"Ka kai?"

"Na kai, Baba."

Wannan kalma ita ce ta ɗaure ni. Na yi niyyar kaiwa gobe, amma me zan ce ya mayar da ni Haɗejiya? Masu kwale-kwale sun fi ɗaukar labari a kan kaya. Kuma sai na sake ambulan, na sake kwafo lamba daga wasiƙun da ke cikin kwallar Dije, ita kuwa sai ta tambaya. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Sai na samar wa kaina dalili mai daɗi: na ce ai tsinuwa ce a ciki, mutumin da ya yi waccan rantsuwar me zai rubuta in ba ita ba, ashe ma taimakon Yaya nake yi. Amma a makon nan Baba ya yi azumi kwana uku a jere, ba watan azumi ba. Mata suka ce nafila ce. Ni na yi karatun da ya isa in san abin da azumin kwana uku ke nufi ga mutumin da ya rantse. Na gani, na kawar da kai. Kowace ranar kasuwa Baba yakan gangara gaɓa kamar zai duba kwale-kwalensa, ya jira kowa ya watse, ya tambayi mai jirgi ƙasa-ƙasa ko akwai wata takarda. Ina tsaye ina kallonsa.

Takarda ba ta zo ba. Sojoji biyu ne suka zo da adaka: bargo, kwanon cin abinci, carbi, da wata 'yar hula da ya saya wa jaririn da yake zaton namiji ne. Baba ya yi innalillahi, daga nan magana ta ƙare masa, sai gaisuwa da salla. Bai ga wata shinkafar ta nuna ba. Mutane suka ce ya tafi da fushinsa, ko a zaman makoki bai kira sunan ɗansa ba.

Wasiƙar ta zame mini garwashi. Ba zan ƙona ta ba, na san da sunan Allah Baba ke fara kowane rubutu. Ba zan buɗe ba, domin in tsinuwa ce ban iya ganinta, in gafara ce kuma to ni ne na hana wana ita. In na ajiye a ɗaki uwarmu za ta tsinta. Sai na ninke ta da ambulan ɗinta ƙanana, na kai wa wani baduku a Haɗejiya na ce maganin ruwa ne da Baba ya bar mini. Ya ɗinke ta cikin jar fata, ya shafe da kakin zuma. A ƙasarmu ba a buɗe laya, ba a kuma tambayar abin da ke cikinta. Na ɗaura a damtse, na sami mafaka. Wata shekara kwale-kwale ya kife da mu na fita lafiya, gari ya ɗauka, aka ce layar Malam ce. Har aro aka riƙa zuwa nema in za a yi doguwar tafiya, ina hanawa, ana ce mini marowaci. Da zamani ya juya masu wa'azi suka yi ta magana a kan layu, abokaina suka tsittsinke nasu, ni na mayar da tawa ƙarƙashin riga, aka ce taurin kai ne.

Wadda ta biya kuɗin shirun nan ita ce Hajara. Tun tana talla in sun yi faɗa da yara sukan ce mata 'yar wanda uba ya sallama. Da ta yi aure, in rai ya ɓaci a gidan, da maganar ake rufe mata baki. Ta yi karatu sosai, har ta zama mai koya wa matan unguwarsu Alƙur'ani, kuma duk malamin da ya sauka garin sai ta aika a tambayar mata ko fushin uba na bin mutum kabari. Kowace Juma'a tana soya ƙosai ta raba sadaka da sunan uban da bai taɓa ganinta ba. Sau da yawa takan ce mini, "Baffa, Kaka bai taɓa cewa komai ba, ko sau ɗaya?" In ce mata Allah mai gafara ne. Ina faɗa, layar na goga mini fata. Dije ta tsufa tana kirana Malam Aji Huɗu, ta rasu ba ta sani ba. Wannan ba ya gyaruwa, kuma ba na neman a rage mini shi.

A bara wasu mutane suka zo Haɗejiya suna neman takardun tsoffin sojoji, wasiƙu da hotuna da duk abin da iyali suka adana. Ba karɓewa suke yi ba, hoto suke ɗauka da na'ura su mayar wa mai shi, su rubuta labarin da aka ba su don jikoki su tarar. Wata safiya sai ga Hajara da kwallar uwarta a kai, ita ma yanzu da furfura da jikoki. Ta baje kayan a gabana: wasiƙu uku, hoton da ya koma ruwan ƙasa, carbi, 'yar hular.

"Baffa, gobe za ka raka ni. Kai ka karanta su da farko, kai za ka sake karantawa."

"Idon ya tafi, 'yata."

"Wanda ke hango naman miya daga zaure? Bai tafi ba." Ta yi dariya, sannan ta ɗauki wasiƙa ta uku ta shafa ta. "Wannan ce kawai nake tunanin barinta a gida. In sun ce me aka amsa masa, me zan ce? In sa a rubuta wa jikokina cewa an yi shiru?"

Na dubi hoton. Yaya na kallona da hularsa a karkace, saurayi, ni kuwa na girme shi da shekara hamsin da wani abu. Na ga abin da nake shirin yi: in bar ƙaryata ta shiga na'ura ta zauna har bayan raina. Na naɗe hannun riga, na kwance igiyar layar.

"Ba a yi shiru ba," na ce. "An amsa. Ga amsar."

Na faɗa mata duka, da gangar, da yarinyar, da azumin, ban rage ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Me ya rubuta?" Na ce ban sani ba. Ta dube ni kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ce, "Shekara hamsin tana hammatarka, ba ka sani ba." Ta aika aka kawo reza. Fatar ta bushe kamar ƙaho, sai da ta bi zaren ɗaya bayan ɗaya. Ambulan ya marmashe a hannunta, amma takardar ciki na nan, tawadar baƙa kamar jiya, layi ɗaya kawai ruwa ya ci. Ita ta karanta, a hankali, da yatsa a ƙarƙashin kowane baƙi.

Bayan bisimilla Baba ya rubuta: Zuwa ga ɗana Habu. Habu, na ji saƙonka. Rantsuwar da na yi ta fushi ce, zan yi kaffararta. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini abin da na faɗa a gaban mutane. Matarka ta sauka lafiya, mace ce, na sa mata sunan uwata, hancinka ne da ita. Kada ka bar salla, kada ka taɓa wanda ya ajiye makami. Komarka na gyara ta tana rataye. Allah ya yi maka albarka.

Ta karanta sunan ubanta sau uku. Ta taɓa hancinta. Sannan ta ninke takardar, ta tattara kayanta, ta ɗora kwalla a kai ta fita ba sallama. Ban kira ta ba.

Kwana huɗu ban ji ɗuriyarta ba. Ranar Juma'a na miƙe a masallaci bayan salla, a ƙofar nan da aka yi rantsuwar, na faɗa wa waɗanda suka rage da 'ya'yan waɗanda suka tafi abin da na yi. Wasu suka sunkuyar da kai. Wani tsohon abokina ya ce, "Ashe takarda ce ka hana ni aro ranar da zan je Gashuwa!" Aka yi dariya, ni ma na yi, da hawaye. A rana ta biyar ta zo da hantsi, ta tsaya a bakin zaure.

"Baffa, taso. Mutanen nan jibi za su tafi."

Muka hau babura biyu. A can wata mata mai tabarau ta shimfiɗa takardar a ƙarƙashin fitila, tana taɓa ta kamar jariri. Ta tambaya yadda aka yi ta daɗe haka ba ta lalace ba, wa ya adana ta. Na buɗe baki, Hajara ta riga ni.

"Baffana ne. An aike shi ne ya tsaya kamun kifi a hanya. Ya makara, amma bai yar ba."

Matar ta ba mu wani ɗan kati, ta ce a rubuta abin da iyali ke so ya zauna a ƙarƙashin hoton, a kawo mata. Muka koma inuwa muka zauna. Hajara ta miƙo mini biro. Kafin in karɓa na ce mata ina neman gafara. Ta juyo ta dube ni.

"Haƙƙin Kaka da na Babana da na Inna ba a hannuna suke ba, kai da su da Allah, zan dai taya ka roƙo. Nawa kuwa na yafe. Na kwana huɗu ina neman fushin da zan riƙe, in na kamo shi sai in tuna wai hancina irin nasa ne. Rubuta."

Ta faɗa, ni kuma na rubuta da hannuna, baƙi bayan baƙi: Habu masunci, soja. Ubansa ya yafe masa, ya sa masa albarka.

Na hura wa katin iska, na dafa bango zan tashi in miƙa wa matar, taku goma ne tsakaninmu. Hajara ta fizge shi daga hannuna.

"Zauna, Baffa," ta ce. "Kai ba a ba ka saƙo."

Ta kai da kanta.